Framework da Hausa: shawarata ita ce mu ce tsaiko

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu rubuta manhaja da masu kishin harshe. Makonni uku ke nan ina koya wa wasu matasa yadda ake gina manhajar intanet da harshen Ruby da kuma Rails, da Hausa muke darasin daga farko har ƙarshe, amma kalma guda ta ƙi zama a bakina, wato framework, wadda muke furtawa firemwok. Manhaja ta zauna, rumbun bayanai ya zauna, uwar garke ma kunne ya fara sabawa da ita, wannan kuwa duk inda na iso ta sai na koma Turanci. Ina so mu tsayar da magana a kanta. Da na kawo shawarar tsaiko, wani malami a cikinmu ya yi mini gyara cewa matasa jinkiri suka san kalmar da shi, kuma zan amsa masa a ƙasa.

Ba a raɗa wa abu suna sai an san ko mene ne shi. Ruby harshe ne, Yukihiro Matsumoto ne ya fitar da shi a Japan a 1995. Rails kuwa ba harshe ba ne, shi ne framework ɗin. David Heinemeier Hansson, mutumin Denmark, ya rubuta manhajar Basecamp da Ruby, daga baya ya zare sassan da kowace manhajar intanet ke buƙata, kamar karɓar saƙo daga burauza, magana da rumbun bayanai da haɗa shafin da za a mayar wa mai karatu, ya sake su kyauta a 2004. Haka Django ya fito daga gidan jaridar Lawrence Journal-World a jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi a 2005 domin masu rubutu da harshen Python. Duka biyun daga jikin aikin da ya riga ya tsaya aka ciro su, domin wani ya ɗauka ya gina nasa a kai. GitHub da Shopify a kan Rails aka gina su, Instagram kuma a kan Django.

Idan ka rubuta rails new makaranta a kwamfutarka, kafin ka sa harafi ɗaya naka za ka tarar an jera maka jakunkuna: ga ta bayanai, ga ta shafukan da ido zai gani, ga ta masu shiga tsakaninsu, ga fayil guda da ake rubuta hanyoyin shiga. Wannan rabon gida uku tun 1979 Trygve Reenskaug ya bayyana shi a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka. Abin da ya fi muhimmanci ga neman sunanmu shi ne wanda ke kiran wani. Idan mai ziyara ya buɗe shafi, Rails ne ke karɓar buƙatarsa, shi ne ke duba fayil ɗin hanyoyi, shi ne kuma ke kiran abin da ka rubuta a lokacin da ya dace. Wannan ne ya raba shi da tarin kayan aikin da ake kira laburare, wanda ya fi kama da zabirar wanzami: hannunka ne ke shiga ya ɗauko aska ko ƙaho a sa'ar da ka ga dama. A Rails kai ne kake jira a kira ka.

Saboda haka kalmar da muke nema dole ta ɗauki abu uku: abin yana nan kafin ka zo, shi ne ke yanke siffar aikin, kuma yana zama a cikin aikin har abada bayan an gama.

Da wannan ma'aunin na gwada kalmomin da na ji ana amfani da su. Tsari ita ce aka fi yawan faɗa, amma an yi mata kaya fiye da kima, domin da ita muke cewa tsarin mulki, tsarin karatu, tsarin shafi, har ɗalibi ya kasa gane wanne ake nufi. Firam kewaye abu yake daga waje, kamar na hoto. Harsashi yana binne a ƙasa, bai ce komai game da siffar abin da ke sama ba. Masaƙa ta ja hankalina ƙwarai, sai na tuna cewa masaƙi idan ya gama yakan cire sawayensa ya kai kasuwa ya bar masaƙar a gida, alhali manhajar da aka gina da Rails ba ta rabuwa da shi ko na daƙiƙa ɗaya muddin tana aiki. Kwarangwal ce ta fi kusa, kuma ba zan ga laifin wanda ya zaɓe ta ba. Damuwata da ita ita ce, a kunnen Bahaushe rama da mutuwa take kawowa, kuma babu mai ɗaukar kwarangwal ɗin wani ya sa wa nasa jikin.

Kalmar da nake kawowa ita ce tsaiko. Wanda ya taɓa ganin ana yi wa ɗakin taɓo jinka ya san shi. A ƙasa ake ɗaura shi, a haɗa kawunan gwangwala ko gora a tsororuwa, a baza ƙafafunsu daidai faɗin bangon, sannan a bi su da tanka zagaye bayan zagaye ana ɗaurewa da igiya. Mai baibaya idan ya zo da ciyawar da ya yanta ba ya tambayar inda zai fara, daga ƙasa yake warware ta yana hawa, kuma duk inda zai ɗaure ya tarar da tanka tana jiransa. Ciyawa tasa ce, kaurin baibayar da kyanta aikinsa ne, amma gangaren rufin da tsayinsa tsaiko ne ya riga ya yanke su. Bayan an gama ba a ganinsa daga waje, sai ka shiga ɗaki ka ɗaga kai, ga shi nan yana ɗauke da komai. Sharuɗɗan nan uku duk sun cika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji magabata, kuma Rails ma dubban mutane ne suka sa hannu a cikinsa tun fitowarsa.

Bari in nuna yadda kalmar ta yi mini aiki a aji. Rails yana da aƙidar cewa bin al'ada ya fi yawan saiti, wato idan ka sa wa abu suna yadda aka saba, ba sai ka yi bayani ba. Ka kira nau'in bayananka Person, shi da kansa zai nemi teburin da ake kira people a rumbun bayanai. Wata ɗalibata ta sa wa nata suna Dalibi, sai Rails ya ƙirƙira mata tebur mai suna dalibis, domin da nahawun Turanci yake yin jam'i. Da ta rubuta makaranta kuma, ya ɗauke ta jam'i ce irin kalmar Turanci data, wadda tilonta datum ne, ya shiga neman tilonta da sunan makarantum. Ta ɗauka kuskurenta ne, ta yi shiru tana ta goge rubutu tana sakewa. Na ce mata tsaikon ne aka ɗaura shi daidai bangon wani ɗaki, namu bangon ya bambanta, sai mu kwance tanka ɗaya mu sake ɗaurewa. Muka buɗe fayil ɗin inflections.rb, inda ake koya wa Rails tilo da jam'i, muka rubuta layi guda cewa jam'in dalibi shi ne dalibai, wani layin kuma cewa jam'in makaranta shi ne makarantu. Nan take ta fahimta, kuma da na ce mata tsari ko firam da ban sami wannan bayanin ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa sunan ya dace da harsuna irin su Ruby da Python musamman, waɗanda nake kira harsuna masu sassauci. A cikinsu ba a tantance nau'in kowane abu sai manhaja tana gudana, kuma Ruby yana barin a ƙara wa abin da ke cikin harshen kansa sabon aiki. Shi ya sa a Rails za ka rubuta 2.days.ago a ba ka lokacin shekaranjiya, ko ka rubuta layin has_many guda ɗaya, mai cewa abu kaza yana da wasu abubuwa da yawa a ƙarƙashinsa, ya haifar maka da ayyuka masu yawa da ba ka rubuta ba. Ɗauri ne na igiya, ba bugun ƙusa ba, ana iya sassautawa a ƙara. Kuɗin wannan sauƙin shi ne kuskure kan ɓuya har sai an bi ta kansa, kamar yadda ba a gane baibayar da ke yoyo sai ruwa ya sauka, kuma domin haka Rails ke zuwa da jakar gwaji tun ranar farko.

Malam, Allah ya ƙara basira, na ga gyaran da ka yi, kuma shi ne mafi nauyi a duk abin da aka faɗa. Gaskiya ne cewa tsaikon da matasa suka sani a yau shi ne na labaran rediyo, inda ake cewa an samu tsaiko a zirga-zirgar jiragen ƙasa, kuma idan aka rubuta tsaikon manhaja kawai, mai karatu zai zaci manhajar ce ta tsaya cak. Na karɓi wannan, don haka ba zan yi amfani da wannan haɗin ba. Amma ban ga ya isa a jefar da kalmar ba, domin Hausa ta daɗe tana raba irin waɗannan da abin da ke kewaye da su: babu mai rikita garin tuwo da garin Zariya a rubuce. Tsaikon jinkiri samunsa ake yi ko kawo shi. Wannan kuwa ɗaura shi ake yi, ko a ɗora abu a kansa, kuma kusan kullum da sunansa yake tafiya. Idan na ce an ɗora shafin nan a kan tsaikon Django, ko na ce Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011, tsaiko ne na harshen PHP, babu inda jinkiri zai shigo.

Jam'insa kuma ina ba da shawarar mu bi sahun kwando da kwanduna, mu ce tsaikuna. Ƙananan irinsu, kamar Sinatra na Ruby da Flask na Python, waɗanda ba su zo da komai ba sai 'yan sanduna kaɗan, sai mu ce ƙaramin tsaiko.

Abu ɗaya nake roƙo kada mu haɗa shi da wannan suna. Rails yana da umarnin scaffold, wanda ke samar da shafukan ƙara bayani da gyarawa da gogewa a lokaci guda domin mutum ya sami abin takawa, daga baya ya sauya su da nasa. Wannan kamar katakon da magina ke kafawa su hau ne, ana cire shi idan bango ya kai, saboda haka ba tsaiko ba ne. Na fara kiransa matakala a aji, kuma ina so in ji abin da maginan cikinmu suke kiran wannan katakon a wurin aiki kafin darasinmu na ranar Asabar.