Me za mu kira "bazi" na Sinawa da Hausa?

Ina cikin fassara wani rahoto a kan magidantan ƙasar Sin da ke zuwa wurin masu duba idan aikinsu ya fara tangal-tangal, sai kalmar bazi ta tare ni. Da farko na rubuta "ilmin taurarin Sinawa", amma da na bi yadda ake yin abin daki-daki sai na goge, domin mai bazi ba ya ɗaga kai ya dubi sama ko sau ɗaya, kalanda ce kayan aikinsa. Mutum uku da zan kira Malam da Hajiya da Yaya sun tofa albarkacin bakinsu a kan sunan da ya dace, zan kuma amsa musu a nan.

Ma'anar bazi da Sinanci ita ce haruffa 8. Ana ɗaukar shekarar haihuwar mutum da watanta da ranarta da lokacinta, a ba kowanne haruffa 2, ɗaya daga jerin guda 10 da suke jinginawa ga sama, ɗaya kuma daga jerin guda 12 da suke jinginawa ga ƙasa. Jerin na biyu ne ke ɗauke da dabbobin nan da aka sani, daga ɓera har zuwa alade, kuma haɗuwar jerin biyu ce ke ba da zagayen shekara 60, wanda na yanzu ya fara a 1984. Kowane harafi yana da nasaba da ɗaya daga abubuwa 5: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Ana danganta tushen tsarin ga Li Xuzhong na zamanin daular Tang, sannan Xu Ziping da ya biyo bayansa shi ake cewa ya mai da ranar haihuwa cibiyar lissafin baki ɗaya. Su waɗannan gidaje huɗu, wato shekara da wata da rana da lokaci, na kira su ginshiƙai, ban ce shika-shikai ba, saboda kunnen Bahaushe ya riga ya keɓe wannan kalma ga Musulunci.

Malam, Allah ya gafarta maka, na ga hujjarka cewa ba za a raba abin da taurari ba, tun da zagayen shekara 12 yana da alaƙa da Mushtari, wanda ke kammala kewayensa cikin kusan shekara 12, kuma akwai wani tsarin dubansu mai suna ziwei doushu da ke jera sunayen taurari a gidaje 12, har da gidan muƙami. Gaskiya ne, kuma shi wannan na biyun ban ƙi a kira shi duban taurari ba. Amma bazi ya daɗe da rabuwa da kallon sama, sannan "ilmin taurari" ita ce kalmar da muke kiran ilmin masu binciken sararin samaniya da ita, ga shi kuwa bai kamata mai karatu ya zaci aikin mai duba da na masanin falaki abu ɗaya ne ba.

"Bokanci" ma bai zauna ba, domin a wurinmu boka yana tafe da iskoki da magani, shi kuwa mai bazi takarda da alƙalami sun ishe shi, yau ma manhajar waya ke fitar masa da haruffan. "Bugun ƙasa" ya fi kusa, sai dai wanda ya buga yau ya sake bugawa gobe zai iya samun wata amsa dabam, alhali haruffan nan 8 ba sa canjawa daga ranar suna har ranar mutuwa.

Kalmar da na tsaya a kanta ita ce "hisabin haihuwa". Hausawa sun san hisabi, sun san malamin da ke ɗaukar sunan mutum da na mahaifiyarsa ya mai da haruffan lambobi, ya raba, ya ce ga burujinka. Aikin iri ɗaya ne, wato a ɗauki abin da mutum ya zo duniya da shi a lissafa, a ce an karanto halinsa da abin da zai same shi. Bambancin kawai shi ne Sinawa lokacin haihuwa suke lissafawa, ba suna ba. Hajiya, na fahimci tsoron da kika nuna cewa kalmar za ta tuna wa mutane ranar hisabi, kuma tsoro ne mai tushe, amma da zarar an ce "na haihuwa" an raba gardama. "Lissafin haihuwa" da kika kawo ya yi tsabta da yawa, mai karatu zai ɗauka ƙididdigar jarirai ake nufi a asibiti.

Inda aikin ya fi ba ni wuya shi ne kalmar dayun, wadda ita ce zuciyar maganar magidanta. Masu wannan hisabi suna raba rayuwa kashi-kashi, kowane kashi shekara 10, su ce kowanne yana zuwa da nasa haruffa 2 da ke taimakon na haihuwa ko su yi karo da su. A ɗauki mutumin da aka haifa a tsakiyar 1978, shekarar doki. A 2026 yana cika 48, shekarar doki ta sake zagayowa, irin shekarar da suke ɗauka mai haɗari ce har suna sa jan tufafi don kariya. Tambayarsa ita ce ko ya daure a ofis ko ya fita ya kafa nasa. Idan harafin ranarsa itace ne, mai hisabin zai ce ƙarfe ne alamar muƙaminsa saboda ƙarfe ke sare itace, ƙasa kuma alamar dukiyarsa saboda itace ke kafa saiwa a cikinta, sai ya duba wanne ne ya rinjaya a shekaru 10 masu zuwa. Abin da ke kai irin wannan mutum can ba ɓoyayye ba ne, domin an shafe shekaru masu yawa 35 ce iyakar shekarun shiga jarrabawar aikin gwamnati a Sin, kamfanoni da dama suka bi sahu, sannan daga Janairun 2025 aka fara ɗaga shekarun ritayar maza sannu a hankali daga 60 zuwa 63. Mutum ya tsufa a idon mai ɗaukar aiki, ga sauran tafiya mai tsawo kafin fansho, ga yara a makaranta, ga iyaye tsofaffi a wuyansa.

Na fara da "zangon rabo", saboda zango ya dace ƙwarai da tafiyar da ake yankawa mataki-mataki irin ta fatake. Daga baya na lura Sinawa suna bambanta ming, abin da aka yanka wa mutum wanda ba ya motsi, da yun, abin da ke zuwa ya wuce. Mu ma haka muke bambanta rabo da sa'a, shi ya sa muke cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, amma mu ce wane ya taki sa'a. Ke nan dayun "zangon sa'a" ne, ginshiƙi na huɗu kuma sai a kira shi na lokaci don kada kalmar ta ci karo da kanta, tun da sa'a tana nufin awa ma.

Yaya, ka tambaya ko raɗa wa abin suna bai zama tallata shi ba. Ni ban yarda haruffa 8 sun san gobe ba, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito a kan wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, cewa ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba, ya ishe ni. Amma idan na rubuta "ilmin taurari" na ɗaura wa abin rawanin kimiyya, idan kuwa na rubuta "hisabin haihuwa" mai karatu ya gane ajinsa nan take, ya san inda zai ajiye shi. Jimlar da na miƙa a fassarar ita ce: "Magidantan Sin da aiki ya ƙuntata wa suna zuwa a yi musu hisabin haihuwa, don a gaya musu ko zangon sa'arsu na gaba na muƙami ne ko na kasuwanci."