Kalmar "dead" ta rikita ni, ma'ana nawa gare ta?

Ɗalibar Bolari:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirin jarrabawar NECO, kalmar nan *dead* kuma ta hana ni sakat. An koya mana cewa matacce take nufi. To ga *dead tired*, ga *dead end*, ga *deadline*, ga *dead ball* da masu kallon ƙwallo ke faɗa. Me ya mutu a nan? Sannan wanne ne daidai, *he is dead* ko *he is died*?

Malamin Turanci, Jekadafari:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara raba 'yan gida ɗaya tukuna, don a nan maki ke zubewa. *Die* aikatau ne, *died* shi ne na abin da ya riga ya faru, *dead* siffa ce, *death* kuma suna, wato mutuwa. Saboda haka *he died* da *he has died* da *he is dead* duk daidai ne. *He is died* da *he has dead* kuwa jan biro za su sha. In kin yi kokwanto, cire kalmar ki sa *sick* a gurbinta. In jimlar ta zauna, *dead* ake so. *The dead* kuma jam'i ne, matattu, don haka *are* ke bin sa.

Ki kula da baki. *Dead* da d take ƙarewa, *death* sai harshe ya shiga tsakanin haƙora, *debt* mai nufin bashi kuma ba a furta b ɗinta. Mu kan cakuɗa ukun su koma "det".

A *dead tired* ba abin da ya mutu. Aikin da amsa-kama ke yi mana shi take yi musu: gajiya liƙis. *Dead silence* shiru tsit, *stop dead* tsayawa cak, *the dead of night* talatainin dare. *Dead end* lungu ne da ba ya ɓullewa, ana kuma faɗin haka ga aikin da ba ci gaba a cikinsa. *Dead ball* ƙwallon da aka dasa ƙasa za a buga bayan an tsayar da wasa, kamar kwana ko fanareti.

Sai ladabi. Yadda ba ma ce wa mutum mahaifinsa ya mutu, sai dai ya rasu, haka su ma suke da *passed away*. Marigayi shi ne *the late*, kafin suna. *He is late* da muke ji a nan, Bature makara zai fahimta.

Bakaniken Wunti:
Malam ya gama da na aji, ga na gareji. *Dead battery* ba lallai batirin ya tashi aiki ba, sau da yawa sauka kawai ya yi, abin da mutanen Ingila ke kira *flat*. Batirin mota sel shida gare shi, kowanne volt 2.1, jimla 12.6. A kashe mota a ɗora mita: 12.6 cike yake, ƙasa da 12 ya sauka, caji zai tashe shi. In ya kwana a caji amma ya maƙale wajen 10.5, sel ɗaya ya tafi. Wannan shi ne *dead cell*, ba caji ba jona waya, sai sabo. Abin da ke jawo shi, barin batir a sauke makonni, ko ruwansa ya ƙafe a zafin bazara ba a ƙara ba.

Akwai *top dead centre*, inda fistin ke kaiwa ƙarshen sama ya tsaya ƙiftawar ido kafin ya juyo. A nan ake saita taimin. Fistin sau biyu yake zuwa wurin kafin inji ya cika zagaye ɗaya na aiki, wanda ake nema shi ne lokacin da bawul biyun suke rufe. Yaran gareji a nan suke kuskure, mota ta yi ta tari ta ƙi tashi.

Masu wayarin kuma *dead wire* wayar da ba wuta ce, kishiyar *live*. Kada a ce ai an ɗauke wuta. A gwada testa a soket mai wuta, a gwada wayar, a sake komawa soket ɗin. Janareto ko inbata na iya turo volt 230 ta baya.

Injiniya, Fadaman Mada:
A gini *dead load* nauyin ginin kansa ne, *live load* kuma mutane da kaya. Kankare kilo 2,400 ne a mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, don haka dakin, wato rufin kankare, mai kaurin inci 6 yana da kimanin kilo 366 a kowace murabba'in mita tun ba a ɗora ko tabarma ba.

*Deadline* da Malam ya tsallake a bayaninsa wa'adi ne, kuma a haɗe ake rubuta ta. A yaƙin basasar Amurka, a kurkukun Andersonville a 1864, layi ne da fursuna in ya ƙetare a harbe shi. In an raba, *the line is dead*, layin waya ne ya ɗauke. *Dead stock* kuwa 'yan kasuwar Muda Lawal sun san shi da kwantai.

Malamin Turanci, Jekadafari:
Madalla Injiniya. Ƙanwata, saura tarko ɗaya, juya "mutu" tamu kai tsaye. Batir ya mutu, kasuwa ta mutu, waɗannan *dead* na ɗaukarsu. Amma aure ya mutu *ended in divorce* ne, mota ta mutu a hanya *broke down*, jikina ya mutu *I feel weak*. Kika rubuta *my body is dead* a wasiƙar neman hutu, mai makin sai ya nemi jin wa ya riƙe biron.