Gurbi biyu na karatun likitan dabbobi: Sakkwato ko Alkahira?

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Ni ɗiyar Sakkwato ce, kuma a bana Allah Ya ba ni gurbin karatun likitan dabbobi a wuri biyu. Na farko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya riga ya fito a shafina na JAMB amma ban danna karɓa ba tukuna. Na biyu a Jami'ar Alkahira ta ƙasar Masar, wanda kawuna, ɗan kasuwa mai zirga-zirga can, ya nema mini, ya kuma ce zai ɗauki nauyin kuɗin makaranta da na masauki. Mahaifina ya fi son in zauna gida, mahaifiyata kuwa tana ganin bai dace a mayar da hannun alherin ɗan'uwanta ba. Burina shi ne idan na gama in yi aiki a nan ƙasarmu, tsakanin makiyaya da matan da ke kiwon awaki a cikin gida. Abin da ke ba ni tsoro a gida shi ne yajin aiki, a waje kuma ban san matsayin takardar ba idan na dawo. Ina roƙon duk wanda ya san wannan fanni ya haska mini hanya.

Wani dattijo, likitan dabbobi mai ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah Ya sa albarka a cikin wannan nasara. Kin riga kin amsa rabin tambayarki da kika ce a nan kike son yin aiki, domin likitan dabbobi hannunsa da idonsa ake horarwa, kuma suna sabawa ne da irin dabbar da suka taɓa da irin cutar da suka gani. Wanda ya yi karatu a Sakkwato zai kama shanu Bokoloji da Rahaji da hannunsa, zai duba tumaki Uda da Balami, zai san jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna har Turai, kuma zai ga raƙumi a mahauta da kasuwar Kara ba a hoton littafi ba. Duk dabbar da ke gangarowa daga Nijar ta Illela, ko ake kaiwa kasuwar Achida, tana zuwa da lafiyarta ko da cutarta, kuma waɗannan cututtuka su ne za ki yi ta fama da su har ƙarshen aikinki: ciwon huhun shanu, boru, sammore, ciwon hanta, kirci, harbin daji, da bakkale mai sa shanu ɓari, wanda kuma yake kama mutum ta hanyar ɗanyar madara.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a manhaja ba. Bafulatani ba zai ce miki saniyarsa tana da cuta kaza da sunanta na Turanci ba, zai ce ta daina tuƙa, gashinta ya tashi, tana ware kanta daga garke. Sanin yadda za ki saurari wannan bayani, da yadda za ki shawo kansa ya bari a yi wa garkensa rigakafi, a rugage ake koyonsa, kuma shekara shida na karatu a nan za su ba ki shi tun kafin ki karɓi takarda. Ke kuma mace ce, za ki shiga gidajen da mu muka yi shekaru muna tsayawa a zaurensu ana fito mana da akuya, alhali mai akuyar, wadda ta san ranar da ta fara zawo da abin da ta ci, tana ciki ba mu ji daga bakinta ba. Ni a ganina ki karɓi Danfodiyo.

Wani matashi da ya yi karatu a Masar:

Baba ya faɗi gaskiya, amma da izininsa zan kawo ɗaya ɓangaren, don kada ƙanwarmu ta ɗauka gurbin Alkahira abin yarwa ne. Karatun likitan dabbobi a Masar tsoho ne ƙwarai, tushensa tun 1827 zamanin Muhammad Ali, kuma ƙasar ta yi nisa a kiwon kaji na zamani da shanun madara da kiwon kifi. Wanda yake son ya ƙware a aikin ɗakin gwaje-gwaje ko manyan gonaki zai ƙaru sosai, ga Larabci da zai samu a kan hanya, ga kuma kalandar karatu wadda ba ta tsayawa. Mu tuna cewa yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya rufe jami'o'in tarayya kimanin wata 9 a 2020, ya sake rufe su wata 8 a 2022, kuma ga ɗiya mace wadda ake lissafa mata shekarun karatu da na aure, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ƙanwata, maganar kuɗi ita ce wadda nake so ki riƙe da kyau. Kuɗin makarantar baƙi da kuɗin waje ake biyansa, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 na ga ɗaliban da iyayensu masu rufin asiri ne suka kasa ci gaba, suka koma gida daga aji uku babu takarda. Kawunki yana da niyya mai kyau, amma kasuwa tana hawa tana sauka. A zauna da shi cikin ladabi a tambaye shi ko nauyin shekarun gaba ɗaya ya tanada, ko kuwa shekara-shekara zai riƙa nema.

Wata ɗaliba 'yar aji biyar a fannin:

Ƙanwata, a kan kuɗi zan ƙara abu ɗaya: lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne na cikin Nijeriya, babu kuɗin ruwa a kansa, kuma wanda ke waje ba ya cikinsa. Kuma ki sani wannan karatu yana da nauyi a ko'ina kika je, musamman shekarun da ake koyon ƙirar jikin dabba da ilimin cututtuka da na magunguna. Samun gida kusa, inda za ki ci tuwon mahaifiyarki ranar da jarrabawa ta matse ki, taimako ne da ba a gane girmansa sai an shiga.

Wani malamin jami'a:

Ina so in amsa tambayar da ta yi a kan matsayin takarda, domin ba a taɓa ta ba. Babu mai aikin likitan dabbobi a Nijeriya bisa doka sai wanda Majalisar Likitocin Dabbobi ta Ƙasa, wato VCN, ta yi wa rajista. Wanda ya gama a tsangayar da majalisar ta amince da ita a cikin gida, ana rantsar da shi ya shiga rajista ya tafi hidimar ƙasa. Wanda ya dawo daga waje kuwa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa kafin ya yi hidimar ƙasa, sannan majalisar ta gamsu da horon da ya samu kafin ta ba shi izinin aiki, kuma wannan yana cin lokaci da kuɗi. Saboda haka watannin da ake ganin an tsira da su daga yajin aiki, wani ɓangarensu yana iya tafiya a nan. Idan har zuciyarki ta karkata Masar, ki rubuta wa majalisar tun yanzu ki nemi amsa a rubuce a kan abin da za ta buƙata daga gare ki.

Ni shawarata ita ce a juya tsarin: digirin farko a gida, ƙwarewa a waje. Idan kin gama a Sakkwato kin san dabbobinmu, ƙofar digiri na biyu a buɗe take, ko a Zariya inda tsangayar ta kafu tun 1964 kuma cibiyar binciken kiwo ta Shika tana kusa, ko ki nemi horo a cibiyar Vom ta jihar Filato wadda ke haɗa allurar rigakafin dabbobi, ko ma ita Alkahirar. A lokacin kin girma, kin san abin da kika je nema, shekarun kaɗan ne, nauyin da ke kan kawunki kuma ya ragu. Ta haka ba a ƙi alherinsa ba, an dai ɗaga shi zuwa lokacin da zai fi amfani. Ki kuma lura cewa gurbin da ke shafinki na JAMB ba zai jira ki har abada ba, don haka kada shawara ta yi tsawo har wa'adin karɓa ya wuce.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Baba, Malam, da yayyena, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifina amsoshinku, ya kuma ce shi da kansa zai je wurin kawu bayan sallar Juma'a ya kai masa shawarar Malam ta ajiye tallafin zuwa digiri na biyu, domin magana irin wannan ta fi kyau ta fito daga bakin babba. Zan yi istihara, kuma idan kawu ya amince zan danna karɓar Danfodiyo cikin wannan mako. Yaya 'yar aji biyar, zan biyo ki ta saƙo in ji littattafan da ya kamata in fara nema.