Muna son taimaka wa ɗaliban jami'a, ta ina za mu fara?

Ɗan kasuwar Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu 12 ne muke adashe a kasuwa nan Garwa ta Kamaru, bana muka ce kowa ya ɗora jaka 5 duk wata a ware wa yaran unguwa da suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, amma iyayensu ba hali. Abin da ya tada maganar yaron maƙwabcina ne, na gan shi yana kabu-kabu da moto lokacin da ya kamata a ce yana aji, da na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai ya ce kuɗin rajista ne, abin ya tsaya mini a rai har yau. To mu ba yaran a hannu ne ko mu kai makaranta? Kuma zakka tana shiga nan?

Tsohon ɗalibin Dang:
Alhaji Allah ya saka da alheri. Tun gyaran 1993 da aka soke burs, wato tallafin da gwamnati take ba ɗalibai, aka sa kuɗin rajista jaka 50 a shekara a jami'o'in gwamnati, amma wallahi ba ita kaɗai ke kada yaro ba, ɗaki ne da ci da fotokopi. Dang, inda jami'ar Ngaundere take, kusan kilomita 15 ne daga cikin garin, dole ka kama ɗaki can, mu uku muka raba katifa ɗaya, in wata ya yi nisa gari da suga ne safe da dare, ga sanyin Adamawa. Shawarata ku biya rajistar da kanku ku riƙe rasit, kuɗin haya ku ba mai gidan kai tsaye, na ci kuma ku tura wa yaron ta Orange Money duk wata. Kar ku bi ta ɗan tsakiya, mu an taɓa tara mana ta hannun wani, ko dala ba mu gani ba.

Malamin zaure:
Alhaji, ɗalibi talaka yana cikin waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, ana ba shi zakka saboda talaucinsa, ta zama mallakarsa. Amma littattafai ko kayan ɗakin gwaji wannan sadaka mai gudana ce ko waƙafi, ku raba asusun biyu. Azhar ta Masar ɗaruruwan shekaru waƙafi ne ya riƙe ta da ɗalibanta.

Uwar biyu daga Marwa:
Baba Alhaji don Allah kar ku manta 'yan mata, kuma kar ku manta masu bincike. Tunda aka kafa jami'ar Marwa a 2008, ga ta Garwa a 2022, iyaye da yawa sun saki jiki su bar 'ya mace ta yi karatu kusa da gida, kuɗi ne kawai ya rage. Ƙanwata mastar take yi kan muskuwari, dawar nan da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka, bayan damina, sai ta hau moto ƙauye ƙauye tana ɗibar ƙasa a leda tana tambayar manoma, duk daga aljihunmu, wata biyu aikin ya tsaya saboda kuɗin mai da na gwajin ƙasar. Kuma dawar nan mu ne masu cin tuwonta.

Ɗan kasuwar Garwa:
Na gode ƙwarai. Malam na ji, za mu raba. 'Yata, nawa gwajin ƙasar yake ci? Ran Juma'a muke zama, ina so in kai musu maganar da adadi.