Bikin tseren keke na Downieville: ina kuɗin gina hanyoyin tsauni suke tafiya?

Mai_Keke ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan bukukuwan keken hawan tsauni ne da ake yi a Amurka, irin Downieville Classic na jihar Kalifoniya. Ana cewa ribar bikin tana tafiya wajen gina hanyoyin keke a cikin tsaunuka. To hanyar da faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, babu kwalta babu siminti, me ke cin kuɗi a cikinta? Kuma kuɗin rajistar mahaya kaɗai zai iya ɗaukar nauyin aikin?

Ɗan_Tsauni ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Ruwan sama ne ke cin kuɗin. Sare daji a buɗe turba ba wuya, wuyar ita ce a yi wadda za ta kai shekara ashirin ruwa bai mayar da ita kwazazzabo ba.

Ƙungiyar masu keken hawan tsauni ta ƙasa da ƙasa, wato IMBA, wadda aka kafa a 1988, ita ta yaɗa ƙa'idojin da galibin magina ke bi. Babbar cikinsu ita ce ta rabi: gangaren hanya kada ya wuce rabin gangaren jikin tsaunin da ta ratsa. In jikin tsaunin yana sauka da kashi 20 cikin 100, hanyar ba za ta wuce kashi 10 ba. Da zarar ta wuce, ruwan da ya kamata ya tsallaka hanyar ya gangara ƙasa sai ya juya ya bi ta, yana ƙara gudu yana kwashe ƙasa. Shi ya sa ake jan hanya tana kewaya tsauni, ba a miƙe ta daga sama zuwa ƙasa. A jimlace kuma ana so matsakaicin gangaren hanyar duka ya tsaya wajen kashi 10. Ba da ido ake aunawa ba, akwai 'yar na'urar auna gangare da ake riƙewa a hannu, ana tafiya ana kafa 'yan tutoci kafin a ɗaga diga.

Wajen haƙa, sai an kwashe ganye da saiwoyi da baƙar ƙasar sama har a kai ga ƙasa mai tauri, a yanke faɗin hanyar gaba ɗaya cikin jikin tsaunin. Mai gaggawa yakan yanke rabi, ya cike sauran rabin da ƙasar da ya tono. Wannan cikon shi ke zaftarewa a daminar farko. Doron hanyar ana karkatar da shi waje da kamar kashi 5 don ruwa ya zame, sannan duk bayan ɗan taƙi a sa hanyar ta ɗan nutsa ta sake hawa, ruwa ya sami inda zai fice. Ko an yi duk wannan, tayoyi na tura ƙasa gefe har ta yi tudu kamar kunyar gona ta tare ruwan, dole a riƙa komawa ana rushe tudun da diga da manjagara. Inda dutse ya yi yawa ko aka zo lanƙwasa mai kaifi, sai an jera duwatsu an yi katanga, ma'aikata na iya shafe yini a kan 'yan mitoci kaɗan.

Uwar_Tafiya ta amsa:

Ɗan_Tsauni ya gama da ƙasa, bari in taɓa takarda, don a nan mutane suka fi yin kuskuren lissafi.

Ƙungiyar Sierra Buttes Trail Stewardship ce ke shirya bikin Downieville, kuma hanyoyin da ake tseren a kansu suna cikin gandun dajin Tahoe na gwamnatin tarayya. Ba mai taɓa ƙasar nan sai da izinin hukumar gandun daji. Sabuwar hanya sai ta bi ta dokar muhalli ta Amurka da ake kira NEPA, wato a bincika illarta ga muhalli: tsirrai, namun daji, rafuka, da wuraren tarihi, yankin kuwa cike yake da kufan masu haƙar zinare. Binciken kan ɗauki shekaru, ana biyan masana, alhali ba a haƙa ko taku ɗaya ba.

Game da tambayarka ta biyu Malam, a'a, kuɗin rajista ba ya isa. Daga cikinsa ake biyan izinin taron, inshora, ma'aikatan agajin gaggawa, masu ɗaukar lokaci, banɗakin haya da motocin jigila. Abin da ke kawo rarar shi ne kamfanonin da ke ɗaukar nauyi, kuɗin rumfunan 'yan kasuwa, da 'yan sa-kai masu aiki kyauta.

Amma darajar wannan rarar ta fi yawanta. Akwai tallafin tarayya na Recreational Trails Program, wanda ke fitowa daga harajin man da motoci da baburan shiga daji ke sha. A galibin jihohi sai mai nema ya kawo kashi 20 na kuɗin aikin daga wani wuri, kuma sai ka kashe kuɗinka tukuna a mayar maka. Ƙungiyar da ba ta da kuɗi a hannu ba ta iya ɗaukar irin wannan tallafi ko an ba ta. Kuɗin biki shi ke cike gurbin, dala ɗaya ta jawo huɗu. Shi ne kuma ake biyan abin da masu tallafi ba sa sha'awar biya, kamar albashin ma'aikata, gyaran mota da kula da tsohuwar hanya. A ganina ƙungiyar da ke tallata mil nawa za ta gina amma ba ta ware kuɗin gyara ba, a yi hattara da ita.

Mai_Keke ya rubuta:

Na gode Hajiya. Na ga kuma suna sa keke mai tsada a ƙuri'a, a biya dala 5 a shiga. Wannan ya ɗan tsaya mini a rai.

Baban_Birki ya amsa:

Haka ne ɗan'uwa, suna lissafa kowace dala 5 a matsayin ƙafa ɗaya ta hanya, kamfanin keke ne ke ba da kyautar. Wanda ke gudun shubuhar caca yana iya ba da gudunmawarsa kai tsaye ba tare da shiga ƙuri'a ba, ko ya je ranar aikin gayya. Su ke ba da kayan aiki, kai ka zo da takalmi mai ƙarfi, safar hannu da ruwan sha. A wurare da dama ana rubuta awannin 'yan sa-kai a lissafa su cikin kason da Hajiya ta ambata, saboda haka kada a manta da sa hannu a takardar halarta.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bikin da kansa yana cin hanya. Ɗaruruwan mahaya cikin kwana biyu, kowa na danna birki a wuri ɗaya kafin lanƙwasa, sai wurin ya yi ramuka jere, masu neman wuce juna kuma su faɗaɗa hanyar. In ƙasa na da laima, tayoyi su bar kwari da ruwa zai bi. Masu shirya biki da suka san aikinsu sukan tura ma'aikata gyara cikin makonnin da suka biyo baya, su kuma tanadi hanyar canji tun kafin ranar.

Dogaro da biki ɗaya ma haɗari ne. Korona ta hana taruka a 2020, gobarar Dixie ta 2021 kuma ta cinye kusan eka miliyan ɗaya a arewacin Kalifoniya. Shekarar da aka soke biki, bishiyoyin da suka faɗo kan hanya na nan suna jiran zarto, shi ya sa ƙungiyoyin ke haɗawa da kuɗin mambobi na shekara-shekara.