"Zuwa da kai ya fi aike": har a neman gurbin karatun likitan haƙori?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. 'Yata na neman makarantar likitancin haƙori a nan Amurka. Makarantun kan ware rana su buɗe ƙofa, masu sha'awa su je su zaga, su gana da malamai da ɗalibai. Babanta ya dage sai ta halarci kowacce, ko da sai ta hau jirgi, wai zuwa da kai ya fi aike. Ita kuwa ta ce asarar kuɗi ce. Karin maganar ta hau nan kuwa?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ta hau, sai dai ba inda Alhaji ya ɗora ta ba. Amfanin mai zuwan ake nufi. Ɗan aike kan manta, kan rage magana ko ya ƙara mata gishiri, kai kuwa ka ji da kunnenka. Ba a ce wanda ka je wurinsa dole ya biya maka buƙata ba.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, ka rage mata tsawo. Mai neman rance in ya taka da ƙafarsa, ana jin nauyin a ce masa babu. Kunyar ido na cikin ma'anar.

Mai Cire Haƙori: Kunyar ido sai in mai yanke hukunci ne ya gan ka, ya kuma tuna da kai. Yawancin makarantun ta wani shafin intanet na haɗin gwiwa mai suna AADSAS suke karɓar takardu, fom ɗaya ake cikewa a tura wurare da dama. Kwamiti na duba makin digirin farko, musamman bayoloji da kemistri, da sakamakon DAT, wato jarrabawar shiga makarantar likitancin haƙori, wadda tun Maris 2025 ake ba da makinta tsakanin 200 da 600, sai wasiƙun shaida, da awannin da ɗalibi ya yi a asibitin haƙori yana kallon likita na aiki. Gaisawa da jami'i cikin cincirindo ba ta cike makin da ya gaza. Inda zuwan ke rana shi ne intabiyu. In aka tambaye ta me ya sa ta zaɓi nan, wadda ta shiga ɗakin da ɗalibai ke koyon fafe haƙori a kan kawunan roba, ta tambaye su yaushe ake fara taɓa majiyyaci, amsarta daban ce da ta mai karanto shafin makaranta. Ni dai ta je biyu ko uku da take so da gaske. Abin da ya fi damuna ta tura fom da wuri, farkon Yuni, don ana duba takardu ne yadda suke shigowa.

Malamin Hausa: To ka ga, "gani ya kori ji" ce ta fi dacewa.

Ɗan Fagge: Ita ma ai sai an je ake gani, Malam.

Uwar Biyu: Na gode. Likita, ko za ka kira Alhaji ka yi masa wannan bayanin? In ni na faɗa, cewa zai yi rowar kuɗin jirgi nake.

Ɗan Fagge: Au, Hajiya, aike kuma za ki yi?