Zauren 'yan harbin saiti: madubi a kan HW97K da na'urar awon gudu ta haɗin gida

Abban Hafsa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya biyu gare ni, duk a kan bindigar iska. Ta farko, wane madubin saiti ya dace da Weihrauch HW97K mai bakin .177, don harbin takarda a yadi 25 da kuma gasar HFT (Hunter Field Target, harbin abin bara a fili a nisa daban-daban) a kulob nan Ingila? Ta biyu, ana iya haɗa na'urar awon gudun harsashi da Arduino Nano, ƙaramin allon kwamfutar nan da ake saka wa kod, ta ba da lissafin da za a dogara da shi, ko wahalar banza ce?

Alhaji Tanko: Wa alaikumus salam Abban Hafsa. Kafin sunan madubi, ka fara sanin halin bindigar. HW97K mai sifirin ce, kuma mai sifirin tana duka sau biyu: fistin ya zabura gaba bindigar ta ja baya, sannan ya tsaya cak a ƙarshen silinda bindigar ta fizgo gaba. Wannan fizga ta biyun ce ke kashe madubi. Madubin da aka yi don bindigar albarushi an ɗaure gilasansa ne don dukan baya kaɗai, shi ya sa za ka ga mai tsada ya yi wata biyu layin cikinsa ya karkace ko saiti ya riƙa yawo. Ka nemi wanda masu ƙera shi suka rubuta ƙarara cewa yana ɗaukar mai sifirin. Hawke Airmax an yi shi don wannan aikin, akwai 2-7x32 da 3-9x40 da 4-12x40 (lambobin farko ƙarfin zuƙowa ne, na ƙarshe faɗin gilashin gaba a milimita). Sharaɗi na biyu, ya kasance mai zoben gyaran nisa a gaba, wanda ake rubuta AO a jikinsa, yana sauka har yadi 10. Madubin farauta da aka kafe a yadi 100 zai ba ka hoto dishi-dishi a yadi 15, kuma da ka ɗan motsa kai layin zai bar inda yake.

Maman Iman: Alhaji ya yi daidai, amma tunda HFT ce a ransa, kada ya ɗauki 4-12x40 don kawai ya fi girma. A HFT ana harbin abin bara 30 daga yadi 8 zuwa 45, kuma da ka fara ba a yarda ka sake taɓa madubin ba, ko ƙarfin zuƙowa ko zoben nisa. Ke nan kana son madubin da zai nuna na kusa da na nesa daidai gwargwado a zama ɗaya. Ƙaramin gilashin gaba, 32, ya fi 40 ko 50 yin haka. Yawancin mutane suna barin zuƙowa a 9 ko 10, zoben nisa a wajen yadi 23 zuwa 25, sai su koyi gane nisa daga yadda hoton ya dushe. Za a ce maka MTC Viper Connect, kuma lallai yana da kyau, amma ido na matse da shi sosai, don haka ya fi dacewa da bindigar tulun iska da ba ta motsi. A kan mai sifirin gira ce za ta sha.

Alhaji Tanko: Hajiya, 2-7x32 ɗin kuma bai kai 9 ba ai.

Maman Iman: Bai kai ba, Alhaji, kuma ramin milimita 15 da ake harba a jikin abin bara zai yi masa wuyar gani a 7. Idan a cikin ukun nan ne, 3-9x40 a bar shi a 9.

Garba Mai Rediyo: Ni maganar maƙala zan yi, wato ƙarfen da ke riƙe madubi a kan bindiga, don a nan mutane suka fi asarar kuɗi suna zargin madubi. Bayan HW97K layi ne mai faɗin milimita 11, da ramuka uku a kansa. Ramukan nan ba ado ba ne, na ƙusar birki ne. Ka sayi maƙala mai gindi ɗaya, irin ta Sportsmatch, mai ƙusar birki a ƙasa, ka saukar da ƙusar cikin rami ɗaya, ka tura maƙalar baya har ƙusar ta jingina da bakin ramin na baya kafin ka ɗaure. Madubi a kan mai sifirin baya yake rarrafawa, to ka riga shi zuwa can. Ka duba kaurin bututun madubin tukuna, inci 1 ne ko milimita 30, don zoben wannan ba ya kama wancan. Goge layin da zoben da sifirit su bushe, maiko kaɗan ya isa ya sa komai zamewa. Sukurorin saman zobe ana ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, har giɓin hagu da na dama su yi daidai, ƙarfin murɗa su kada ya wuce Nm 2 a makulli mai awo. Wanda ya danne su da dogon hannun makulli zai lotsa bututun, sai maɓallan saiti su fara cijewa. Bayan ka gama, ɗiga alamar fensir a jikin bututu daf da zobe. In bayan harbi 200 alamar ta matsa, ka san inda matsalar take ba sai ka yi ta canki-canki ba.

Ɗan Zinder: Malam Garba, a ƙara da sukurorin ƙota. Guda biyu na gaba da na jikin garkuwar kunama suna kwancewa da girgiza, kuma alamarsu iri ɗaya ce da ta madubin da ya mutu: harbi ya watse sama da ƙasa. A duba su kafin a sauke madubi.

Abban Hafsa: Na gode ƙwarai. Lissafin danna maɓallin saiti fa? An rubuta 1/4 MOA a kai.

Injiniya Bala: MOA ma'aunin kusurwa ne, ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100. Danna ɗaya rubu'insa ne, a yadi 25 kuma ka sake rabawa huɗu, ya zama kusan milimita 1.7. Idan tsakiyar rukunin harbinka ya kauce santimita 2 hagu, danna 12 ke nan zuwa dama. Ka lura na ce tsakiyar rukuni. Harba biyar, ka auna tsakiyarsu, sannan ka juya. Mai bin harsashi ɗaya-ɗaya da maɓalli zai wuni bai zauna ba. Ɗigogin da ke kan layin kuma, a irin waɗannan madubai tazararsu tana zama mil ɗaya ne (wani ma'aunin kusurwa, ba mil na tafiya ba) a zuƙowa guda tak, takardar madubin za ta faɗa maka wacce. Kai da za ka zauna a 9, ka ajiye takarda a yadi 8, 10, 15, 20 har 45, ka rubuta inda kowane ke faɗawa a kan ɗigogin. Wannan katin ya fi kowace manhajar lissafi gaskiya.

Maman Iman: Kuma kada ya ɗora katakon gaba a kan abu mai tauri. Mai sifirin tana fara motsi tun kafin dalmar, wato harsashin, ta fita baki, don haka a kan buɗaɗɗen tafin hannu ake ɗora ta, wuri ɗaya kullum, ba a matse ta a kafaɗa. Ya gwada dalmar JSB Exact mai nauyin giren 8.44, mai faɗin kai milimita 4.51 da mai 4.52, kowane bututu da wanda yake so.

Injiniya Bala: To, na'urar awo. Ana haɗawa, kuma tana da amfani, amma mu fara da dalilin da ya sa kuskure kaɗan ke da nauyi. A Ingila da Wales iyakar doguwar bindigar iska ba tare da takardar izini ba ita ce ƙarfin harbi ft-lb 12, wato jul 16.27, ƙaramar ta hannu kuma 6. Lissafin shi ne gudu a ƙafa cikin sakan, ka ninka shi da kansa, ka ninka da nauyin dalma a giren, ka raba da 450240. Da dalma mai 8.44, iyakar tana kan ƙafa 800 a sakan, kusan mita 244. Tunda gudu ana ninka shi da kansa ne, kuskuren kashi 1 cikin 100 a gudu ya zama kashi 2 a ƙarfi, wato ft-lb 0.24. Na'urarka ta ce 11.9, gaskiya kuma 12.1.

Yanzu ga inda masu haɗawa ke faɗawa. Suna sa ƙofofin haske biyu a tazarar milimita 100, su auna lokacin da dalma ke ɗauka tsakaninsu da micros(), umarnin ƙidayar mikrosakan na Arduino. Dalmar na ratsa wannan tazara a mikrosakan 410, shi kuma micros() a kan Nano yana tafiya ne huɗu-huɗu. Ga kashi 1 ɗinka ya tafi tun ba a je ko'ina ba. Maganinsa Timer1, ma'aunin lokaci na cikin Nano, ba tare da raba gudun agogonsa ba: agogon megahaz 16, kowane bugu nanosakan 62.5. Ƙofar farko a D2, ta biyu a D3, kowace da katsewarta (interrupt, ɗan kod da ke gudana nan take in ƙofa ta ga dalma), a cikin kowace ka karanta TCNT1, ma'ajin ƙidayar Timer1, kawai ka ajiye, kada ka yi lissafi ko rubutu a allo a ciki. Ka kashe katsewar Timer0 yayin jiran harbi, in ba haka ba wani lokacin za ta shiga gabanka ta jinkirta karatun da 'yan mikrosakan. Maida tazarar milimita 200: za ka samu bugu wajen 13,100, gudu a mita shi ne 3,200,000 a raba da adadin bugu. Ma'ajin yana cika a 65,536, wato milisakan 4.096, ya ishe ka sosai.

Garba Mai Rediyo: Injiniya ya gama da manhaja, saura idon na'urar. Dalmar .177 tana wuce haske a mikrosakan 25 ko ƙasa. LDR, resista mai jin haske, ba zai ma san an yi ba, shi milisakan yake buƙata. Irin idon rimot na talabijin, TSOP38238, shi ma a'a, yana jiran haske mai bugawa a kilohaz 38 ne kuma yana da jinkirinsa. Sayi idon haske mai sauri BPW34 guda biyu, a haɗa su a juye da resista 10k, fitilun infrared masu nanomita 940 da resista 180 kowace a kan bolt 5, sai LM393 guda ɗaya, yana da ma'aunin kwatanta wuta biyu a ciki, ɗaya ga kowace ƙofa. Kada ka manta resista 4.7k daga mafitar LM393 zuwa bolt 5, ba ya iya ɗaga kansa sama, kuma rashin wannan ne ke sa mutum ya kwana yana zargin kod. Sa kafasita 100nF daf da ƙafafun wutarsa. Fuskar BPW34 ba ta kai milimita 3 ba, ke nan dalmar sai ta bi ta gabanta daidai. Ka yi bututu mai fenti baƙi a ciki, ka huda ramukan haske na milimita 3, ka kafe shi a kan katako ɗaya da mazaunin bindiga. Ƙofar farko ta yi nisan santimita 30 daga baki, don iska da hayaƙin mai suna iya tada ta kafin dalma ta iso.

Injiniya Bala: Ramukan nan su ne zuciyar aikin, Malam Garba. Milimita 1 a kan 200 rabin kashi ne a gudu. A huda su da injin tsaye, a auna tsakiya zuwa tsakiya, a sa ainihin abin da aka auna a cikin kod, ko da 199.4 ne. Kuma Nano da yawa agogonsu na yumɓu ne mai iya kaucewa da rabin kashi. Raspberry Pi Pico yana da kiristal, ya fi tsayuwa, sai dai ƙafafunsa bolt 3.3 suke ɗauka, a ja mafitar LM393 zuwa 3.3 ba 5 ba.

Ɗan Zinder: Babban Raspberry Pi fa, Injiniya? Ai ya fi su ƙarfi.

Injiniya Bala: Ƙarfi ba shi ake nema ba. Linux, manhajar da ke tafiyar da shi, na iya tafiya wani aikin a daidai lokacin da dalma ke wucewa. Pi ka bar shi ga kyamarar kallon takarda: Zero 2 W da Camera Module 3 a gefen abin bara, bayan faranti na polikabonet, hoto na zuwa wayarka. Ka tuna Zero yana son siririyar igiyar kyamara mai ƙafa 22, wadda ta zo cikin kwalin sau da yawa ba ta shiga.

Alhaji Tanko: Ni dai ba zan jingina kaina a gaban doka da na'urar da aka haɗa a teburin falo ba, komai kyanta. Haɗa ta don ganin ko gudu na tsayuwa: harbi goma a HW97K mai lafiya bai kamata ya bambanta da fiye da ƙafa 10 zuwa 15 ba, in ya fara tsalle ka duba robar fistin ko ka sa mai ya yi yawa yana ƙonewa. Amma ka kai ta kulob ka gwada da tasu ko da na'urar awon kanti irin Combro cb-625, dalma iri ɗaya daga gwangwani ɗaya, ka rubuta bambancin. Doka tana duba abin da bindigar ke iya yi da kowace dalma, ba wadda ka saba da ita kaɗai ba, don haka ka gwada mai sauƙi da mai nauyi, ka zauna a 11.3 zuwa 11.5. Wanda ke Scotland kuma, tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini ko da ƙarfin bai kai 12 ba.

Sani Fagge: Baba Alhaji, mu da ke gida fa? In ɗan'uwa zai taho daga can, zai iya riƙo mini irinta?

Alhaji Tanko: A'a ɗana, kada ka sa shi a uku. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi, ba ruwanta da ft-lb 12 na Ingila, kuma shigo da ita ma da nasa izinin daban. Na'urar awon dai haɗa abarka, ka gwada ta da danƙo da ƙwallon ƙarfe, sai dai ka sa Timer1 ya raba da 8, don abu mai gudun ƙasa da mita 49 a sakan zai cika ma'ajin kafin ya kai ƙofa ta biyu.

Abban Hafsa: Allah ya saka da alheri. Ƙaramin allon OLED da zan sa wa na'urar don nuna gudun SSD1306 ne, na haɗa shi da Nano ba ya nuna komai.

Garba Mai Rediyo: SDA a A4, SCL a A5, adireshi 0x3C. Misalin laburaren Adafruit na 128x64 yana zuwa da 0x3D, canza shi. In har yanzu baƙi ne, duba jerin ƙafafun, wasu allunan GND ne farko wasu VCC.